Waiwaye: Ƙwayoyin da ke gadin numfashi da gardamar mutuwar jarirai cikin barci

Duk lokacin da aka tayar da zancen jariran da ake kwantarwa lafiya lau a wayi gari sun rasu, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce sakacin iyaye ne, an kwantar da yaro rub da ciki ko an lulluɓe shi har fuska. Wasu su ce a'a, da larurarsa aka haife shi. A watan Mayun 2022 gardamar ta sake zafi, bayan wani bincike daga Ostiraliya ya nuna ƙarancin wani sinadari a jinin irin waɗannan jarirai. Kafin ka ce kwabo kafofin sada zumunta sun cika da cewa an gano musabbabi, alhali binciken bai kai nan ba. Tambayar da ke ƙasan maganar kuwa ta girmi duk masu gardamar: me ke sa mai barci ya ci gaba da jan numfashi?

Tun 1812 Bafaranshe Legallois ya nuna cewa a gindin ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da laka, ake sarrafa numfashi. A 1905 Haldane da Priestley a Ingila suka nuna cewa taruwar iskar kabon a jiki ta fi ƙarancin oksijin tunzura shi. Sai Corneille Heymans ya bayyana aikin wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ke jikin jijiyoyin jini na wuya, masu ɗanɗana jini, ya samu kyautar Nobel ta 1938. Daga nan ido ya koma kan wuya.

Abin da ba a cika tunawa ba a birnin Ghent na Beljiyam ya faru, garin Heymans ɗin kansa. Ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini. Tsamin da ke cikin jini ba ya tsallake shi da sauƙi, amma iskar kabon ratsawa take yi abinta, ta narke cikin ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki, ta sa shi ya yi tsami. A Ghent ɗin, wani mai bincike, Isidore Leusen, ya sa wa karnuka maganin barci, ya riƙa zuba ruwan da ya haɗa cikin kogunan ƙwaƙwalwarsu, jininsu kuwa bai taɓa shi ba. In ya ƙara wa ruwan iskar kabon sai ƙirjin kare ya shiga hawa da sauka da ƙarfi, in ya rage tsamin sai numfashi ya lafa. Ya wallafa wannan a 1954. Ashe ƙwaƙwalwa tana da nata harshen ɗanɗano. A 1963 Mitchell da Loeschcke da Severinghaus a San Faransisko suka bi sawun a jikin kuliyoyi, suka taras wurin yana dab da fatar gindin ƙwaƙwalwa ta ƙasa: a sa masa tsami numfashi ya ƙaru, a sandarar da shi da magani numfashi ya ɗauke.

A ganina nan aka yi asarar lokaci. An san unguwar, amma sai da aka kwashe kusan shekara 40 ba a san gidan ba. Ƙwayoyin jijiyar da ke jin tsamin ƙalilan ne, cuɗe da wasu, kuma in an binciki gawar jariri ido ba ya ganin nakasarsu. Da takardar binciken gawa ta ce ba a ga komai ba, sai zargi ya faɗa kan abin da ake iya gani, wato shimfiɗa da uwa.

Sai a 2003 masu bincike a Paris suka gano cewa tangarɗa a ƙwayar gado mai suna PHOX2B ce ke sa wasu yara daina numfashi da zarar barci ya ɗauke su. A 2004 ayarin Patrice Guyenet a Amurka ya nuna wani rukunin ƙwayoyi masu jin tsami a daidai wurin nan na 1963. Ayarin Hannah Kinney kuma, a 2006 da 2010, ya sami naƙasu a tsarin sirotonin, sinadarin da ƙwayoyin jijiya ke aika saƙo da shi, a gindin ƙwaƙwalwar jariran da suka rasu cikin barci. Har yanzu masana na ja-in-ja kan wane rukuni ne babban mai gadi.

Gangamin kwantar da jarirai rigingine da aka fara a Amurka a 1994 ya rage irin wannan mutuwa da fiye da rabi, kuma aikin Leusen ya taimaka wajen fahimtar dalili. Jaririn da ke kife yana sake shaƙar iskar da ya fitar. Mai lafiyayyun ƙwayoyi zai farka ya kau da kai, wanda nasa suka raunana barcinsa zai ci gaba. Har yau babu gwajin da ake yi wa jariri ranar haihuwa a bambance wannan da wancan.