Waiwaye: Yadda ɓera ya shigo gardamar olsa da damuwa

A teburin mai shayi na ƙauyenmu, nan gefen Ringim, gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: me ke kawo olsa? Dattawa sun tsaya kan damuwa ce. Da wani ɗalibin kiwon lafiya ya ce ƙwayar cuta ce, sai aka ce masa, "Kai yaro, yaushe aka haife ka?" Ita kuwa maganar dattawan ta daɗe a bakin likitoci, kuma ɓera ne ya ɗaure mata gindi.

A 1822 harbin bindiga ya bar wa wani mutum rami a tumbi a Amurka, likita William Beaumont ya riƙa leƙawa har ya lura fushi na dagula narkewar abinci. Pavlov na Rasha ya yi nasa binciken narkewar abinci da karnuka, ya samu kyautar Nobel a 1904.

Wanda ba a cika tunawa ba shi ne Hans Selye na Jami'ar McGill a Kanada, a 1936. Wani sabon sinadarin jiki yake nema, yana yi wa fararen ɓeraye allura. Da ya feɗe su sai ga gyambo a tumbi, ga ƙullutun da ke saman ƙoda ya kumbura. Ya zaci ya dace. Murna ta koma ciki da ya ga ko guba ya ɗura musu, ko sanyi ya bar su a ciki, ko gudun dole ya sa su, abin da ke fitowa ke nan cikin kwana biyu. Ashe wahala ce, ko wace iri, ke cin tumbin.

Binciken gaskiya ne. A ganina, wajen ɗora shi a kan mutum aka yi gaggawa. Ɓeran da sanyi ya kusa kashewa ba magidanci ne mai tunanin kuɗin taki ba, kuma gyambon kwana biyu daban yake da wanda ake fama da shi shekara goma. Haka aka yi shekaru ana ce wa masu olsa su kwantar da hankali su sha madara.

Sai a 1984 Barry Marshall na Ostareliya ya kwankwaɗi ƙwayar cutar Helicobacter pylori da kansa don ya nuna ita ke jawo olsa, tumbinsa ya kamu da kumburi. Shi da abokin bincikensa Robin Warren suka karɓi Nobel a 2005.

Ɓeran dai bai huta ba. A 2004 masu bincike a Japan suka ga ɓerayen da aka rena babu ƙwayoyin bakteriya ko ɗaya a hanjinsu, in aka takura su, sinadarin firgici ya fi hawa a jininsu. Da ɗalibin ya kawo wannan a teburin, kowane ɓangare cewa ya yi shi aka gaskata.