Ƙungiyar wasa ta tsiraru zalla da ta masu rinjaye zalla: yadda dokar Birtaniya ke auna su

A watan Fabrairun 2024 masu shirya wani wasan kwaikwayo a gidan wasa na Noël Coward da ke tsakiyar Landan suka sanar cewa cikin dararen da za su yi wasa sun ware biyu domin 'yan kallo baƙar fata. Wasan ya taɓo bauta da launin fata a Amurka, hujjarsu kuma ita ce a bar baƙar fata su kalla, su yi dariya ko kuka yadda suka ga dama, ba idon Bature a kansu. Nan da nan ƙura ta tashi. Har ofishin Firaministan lokacin, Rishi Sunak, sai da ya tsoma baki, kakakinsa ya ce ware 'yan kallo bisa launin fata kuskure ne kuma raba kan jama'a ne. Masu wasan suka fito suka ce a kwantar da hankali, ba wanda za a hana shiga.

Duk sanda irin wannan ta taso, magana ɗaya ake maimaitawa: ai da Turawa ne suka ce nasu daren na farar fata ne, da tuni an ɗaga musu ƙasa. Me ya sa tsiraru za su kafa ƙungiyar wasa ko ta waƙa tasu su kaɗai a yi musu tafi, masu rinjaye kuwa in sun gwada a ce wariya? Tambaya ce mai kyau, ba kuma duk mai yin ta ne ke da wata manufa a ƙasa ba. Sai dai yawancin masu yin ta, da masu ba su amsa, ba su buɗe dokar ba.

Dokar ita ce Dokar Daidaito ta 2010, mai aiki a Ingila da Wels da Sikotlan. Ailan ta Arewa na da nata dokokin. Ta lissafa siffofi tara da ba a yarda a ci zarafin mutum saboda su ba, ciki har da shekaru, naƙasa, jinsi, addini da asali. Sashe na 9 ya fayyace cewa asali ya ƙunshi launin fata, ƙasar da mutum ke riƙe da takardarta, da ƙabila ko ƙasar tushe. Abin lura shi ne dokar ta ce "asali", ba ta ce "baƙar fata" ba. Ta ce "jinsi", ba ta ce "mata" ba. Don haka Baturen da aka kora saboda farinsa yana da bakin ƙara daidai da ɗan Jamaika da aka kora saboda baƙinsa. Akwai dai inda dokar ta karkata ƙarara: sashe na 13 ya ce fifita mai naƙasa a kan wanda ba shi da ita ba wariya ba ce. Shi ya sa kamfani irin Graeae, da aka kafa a 1980 domin 'yan wasa kurame da masu naƙasa, ba ya shan irin wannan tambayar.

Kafin alƙali ya ce komai a kan ƙungiyar wasa, sai ya san a wace ƙofa aka tsayar da mutum: ƙofar zama ɗan ƙungiya ce, ta neman aiki ce, ko ta sayen tikiti. Kowacce da hukuncinta, kuma cakuɗa su ne ke haddasa rabin gardamar.

A ce Hausawa mazauna Manchesta su talatin sun haɗu, sun samo kalangu da kotso, sun rubuta ƙa'idoji, sun ce ƙungiyarsu ta rawar koroso sai Bahaushe zai shiga. Doka ta yarda? Ta yarda. A idonta "ƙungiya" ita ce mai mutum 25 ko fiye, mai ƙa'idojin shiga da tantance masu nema. Jadawali na 16 na dokar ya ba irin wannan ƙungiya damar taƙaita shiga ga masu siffa ɗaya: mata kaɗai, Musulmi kaɗai, 'yan sama da shekara sittin, ko Hausawa kaɗai. In ba su kai 25 ba ma, abokai ne da ke taruwa a falon ɗayansu ran Lahadi, dokar ba ruwanta da su, muddin ba su ɗauki ma'aikata ba kuma ba su sayar wa jama'a komai.

Wannan dama kuwa ba a rubuta ta da sunan tsiraru ba. Mutanen Ingila na ainihi, masu rawar gargajiyar nan da ake ɗaura ƙararrawa a ƙwauri ana kaɗa ƙyalle, za su iya cewa sai ɗan asalin Ingila, domin tuni wata kotu a Sikotlan ta tabbatar cewa zama ɗan Ingila asali ne da doka ke karewa. Ƙungiyoyin mawaƙa maza zalla na garuruwan haƙar kwal a Wels suna nan suna rera waƙarsu. Babban misali shi ne kulob ɗin Garrick na Landan, matattarar 'yan wasan kwaikwayo da marubuta da manyan alƙalai, wanda aka kafa a 1831. Shekara 193 ya yi ba mace a cikin mambobinsa, kuma ba kotu ce ta tilasta masa ba. Mambobin ne da kansu suka kaɗa ƙuri'a a watan Mayun 2024, bayan surutu ya yi yawa, kusan kashi 60 cikin ɗari suka amince a buɗe wa mata. Maza masu kuɗi da muƙami ba tsiraru ba ne a kowane ma'auni, amma doka ta bar musu ƙofarsu a rufe duk tsawon wannan lokaci.

To ina aka samu haramcin? A launin fata. Jadawalin da ya ba da damar shi ne kuma ya ce ban da launi. Ƙungiyar da ta rubuta "farar fata zalla" ta saɓa doka, wadda ta rubuta "baƙar fata zalla" ma ta saɓa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Haka sashe na 193 ya yi da ƙungiyoyin agaji: in takardar kafa su ta ce amfaninsu na masu launi kaza ne, sai a karanta takardar kamar ba a rubuta launin ba.

Ruwa ba ya tsami banza. A shekarun 1950 da 1960 abu ne sananne a hana baƙar fata da 'yan Asiya shiga mashaya da gidajen rawa da kulob-kulob na ma'aikata. Dokokin 1965 da 1968 sun hana hakan a wuraren jama'a, amma kulob-kulob suka fake da cewa su ba na jama'a ba ne. A 1974 wani kulob na ma'aikatan tashar jirgin ruwa a Preston da ya ƙi karɓar wani baƙar fata ya yi nasara har a Majalisar Dattawa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe. Majalisar dokoki ta toshe wannan kafa a dokar 1976, ta bar wa 'yan Ailan da 'yan Poland da 'yan Indiya damar riƙe ƙungiyoyinsu, ta cire launi daga ciki. Dokar 2010 gadon wannan tsari ta ci. Jam'iyyun siyasa kuwa ko damar ƙabila ba a ba su ba. Jam'iyyar BNP, wadda tsarin mulkinta ya ce sai farar fata 'yan asalin ƙasar, Hukumar Daidaito da Haƙƙin Ɗan'adam ta maka ta a kotu a 2009, a Fabrairun 2010 dole ta sauya shi.

Shi ya sa in ka duba tallan ƙungiyoyin da suka san doka, za ka ga suna rubuta "'yan asalin Afirka ko Karebiyan". Wani zai ce ai wannan ba cinya ba ne ƙafar baya, kuma ban ce ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Amma manyan kamfanonin da ake yawan ambata a wannan gardama ba su kulle ƙofa da launi ba. Kamfanin wasan kwaikwayo na Talawa, da aka kafa a 1986 (sunan daga bakin mutanen Jamaika ne, kada Bahaushe ya ɗauka talakawa ake nufi), manufarsa ɗaga aikin baƙar fata na Birtaniya ce. Ƙungiyar makaɗa ta Chineke!, wadda Chi-chi Nwanoku, 'yar wani Inyamuri da wata 'yar Ailan, ta kafa a 2015, mafi yawan masu kiɗanta baƙar fata ne da sauran tsiraru, amma akwai Turawa a kan dandamalinta.

Da zarar kuɗi sun shigo, wato ana biyan ɗan wasa albashi, hukuncin ya ƙara tsauri. Damar ƙungiya ba ta aiki a ɗaukar ma'aikaci. Abin da ya rage shi ne jadawali na 9: mai ɗaukar aiki zai iya neman mai wata siffa in aikin kansa ne ya buƙace ta, kuma bai wuce gona da iri ba. Bayanin da gwamnati ta fitar tare da dokar ya kawo misali da kansa, cewa za a iya neman baƙin mutum ya fito a matsayin Othello, jarumin nan baƙar fata na wani wasan Shakespeare. Haka nan za a iya neman Bature ya fito a matsayin tsohon Firaminista Winston Churchill. Amma wanda ke kunna fitilun dandamali, da akanta, da mai yagar tikiti a ƙofa, ba abin da ya haɗa aikinsu da launi, ko kamfanin na waye.

Sashe na 159 ya ƙara wata 'yar kafa: in masu neman aiki biyu sun yi kunnen doki a cancanta, za a iya zaɓar wanda irinsa suka yi ƙaranci a wurin. Rundunar 'yan sandan Cheshire ta faɗaɗa wannan kafa har ta yage. Ta ɗauki mutum 127 da suka tsallake ganawa a matsayin masu cancanta iri ɗaya, sannan ta fifita wasu rukunai. Wani matashi Bature da aka bari a baya ya kai ƙara, a 2019 kotun ma'aikata ta ba shi gaskiya. Kunnen doki na nufin kunnen doki, ba a tara ɗari da ashirin da bakwai a ce duk tsayinsu ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne sashe na 158, domin nan ne tsiraru ke samun abin da masu rinjaye ba kasafai suke samu ba, kamar horo na musamman, tallafin karatu, ko bitar rubutun wasa ga wani rukuni kaɗai. Sharaɗinsa shi ne mai shirin ya kasance da dalili mai ma'ana na ganin cewa rukunin na fama da wata tawaya, ko suna da buƙata ta daban, ko sun yi ƙaranci ƙwarai a wannan fage, sannan matakin ya yi daidai da girman matsalar. A 2020 Kotun Ƙoli ta amince da wata ƙungiyar gidaje a unguwar Hackney, Agudas Israel, wadda kusan duk gidajenta Yahudawa masu riƙo da addini take ba wa, saboda an nuna cunkoso da talauci da tsangwamar da suke ciki.

Nan ma ba a ambaci tsiraru ba. Hujja ake nema. Ƙidayar 2021 ta nuna farar fata su ne kashi 81.7 cikin ɗari a Ingila da Wels, baƙar fata kashi 4. Ɗan wasa baƙar fata ba ya shan wahalar kawo tarihi: daga 1958 zuwa 1978 BBC na nuna shirin da Turawa ke shafa baƙin fenti a fuska suna waƙa da rawa, a 1964 kuma shahararren ɗan wasan nan Bature, Laurence Olivier, da fenti ya hau dandamalin gidan wasa na ƙasa a matsayin Othello. Ɗan wasa Bature da wuya ya nuna cewa farinsa ne ya hana shi samun gurbi a Landan. Amma a sauya fage, lissafin ya sauya. A makarantun rawar nan ta Turawa da ake kira ballet maza ne 'yan ƙalilan, don haka ajin yara maza zalla na iya shiga ƙarƙashin wannan sashe lafiya lau.

Inda nake ganin masu ƙorafi na da gaskiyar da ba a cika ba su ba shi ne talauci. Ba ya cikin siffofi taran nan. Yaron Bature ɗan lebura daga wani garin da masana'antunsa suka mutu, wanda iyayensa ba su da kuɗin makarantar koyon wasa balle hayar ɗaki a Landan, yana ganin an buɗe shiri ga ɗan likita saboda asalinsa, shi kuwa ba sashen da zai kama. Ana iya yi masa shirin tallafi, ba abin da ya hana, amma in an wulaƙanta shi don shi ɗan talaka ne, ba shi da ƙara.

Saura tikiti, wanda shi ne ya tada ƙurar farko. Sashe na 29 ya ce duk mai sayar wa jama'a wata hidima ba zai ƙi mutum saboda asalinsa ba, kuma gidan wasan da ke sayar da kujera ga duk mai kuɗi yana ƙarƙashin wannan. Masu shirya dararen nan biyu sun san haka, shi ya sa suka tsaya a kan gayyata suka bar ƙofa a buɗe. Ni dai ina ganin sun taka bakin rijiya, domin talla da ke sa mutum ya ji ba a son ganinsa har ya fasa zuwa ita ma doka na iya ɗaukarta wariya, ko ba a sa ƙato a ƙofa ba. Da a ce a ɗaya daga cikin dararen wani Bature ya zo da tikitinsa a hannu, mai gadi ya dube shi ya ce yau ba ranarku ba ce, yana da wata shida ya shigar da ƙara a kotun gunduma, ya nemi diyya har da ta ɓacin rai.