Zama a cikin jirgin ruwa mai filafilai: yadda ake rayuwa, gyara da karɓar baƙi

Akwai mutanen da ba su da gida a tudu. Jirgin ruwa mai filafilai, wato wanda iska ke turawa idan ta bugi manyan ƙyallayen da aka ɗaga a jikin doguwar sanda, shi ne ɗakin kwanansu, shi ne kicin ɗinsu, shi ne kuma abin hawansu. Wanda ya ga hotunansu sai ya ɗauka kullum hutu suke yi. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da irin wannan zama.

Wai jirgin yana da girman da mutum zai zauna a ciki shekara da shekaru?

Yawancin jiragen da miji da mata ko ƙaramin iyali ke zama a ciki tsawonsu mita 10 ne zuwa 14, faɗinsu kuma a tsakiya mita 3 zuwa 4. A gaba akwai ɗakin kwana wanda gadonsa ke tsukewa wajen ƙafafu saboda tsinin goshin jirgin. A baya akwai wani ɗakin ko biyu, a tsakiya kuma wurin zama da tebur, ɗan kicin da banɗakin da mutum ɗaya ke juyawa da ƙyar. Ƙarƙashin kowace kujera da kowane gado ma'ajiya ce.

Ƙuncin ba shi ne abin da ya fi ba sabon shiga wahala ba. Motsi ne. Idan iska ta cika filafilai jirgin yakan kishingiɗa gefe guda, duk abin da ba a ɗaure ba ko ba a kulle ba sai ya zame ya faɗi. Shi ya sa ake rataye murhu a kan ƙarafa biyu yadda zai riƙa lilo, tukunya ta zauna daidai ko da jirgin ya karkace. Abin da ke hana jirgin kifewa kuwa nauyin dalma ko baƙin ƙarfe ne da aka maƙala a can ƙarƙashinsa, wanda ke jawo shi ya miƙe duk sanda iska ta kwantar da shi.

Kullum cikin tafiya suke?

Ina! Mafi yawan kwanakin shekara jirgin a tsaye yake, ko dai a ɗaure a tashar ƙananan jirage inda ake biyan kuɗin wuri, ko kuma an jefa anka, wato ƙarfe mai nauyi da ke kama ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, a wani lungun teku da iska ba ta kai wa sosai. Zama a kan anka ya fi sauƙin kuɗi, amma barcinsa rabi da rabi ne. Ana sakin sarƙa kamar ninki biyar na zurfin ruwan domin ankar ta kwanta ta kama ƙasa, kuma idan iska ta juya da dare mai jirgi zai fito ya duba ko ta fara jan ƙasa. Duk abin da ake so a gari, da ɗan kwalekwalen roba ake zuwa a ɗauko.

Idan an tashi tafiya ma ba sauri ake yi ba. Irin wannan jirgi yakan ci mil 5 zuwa 6 na teku a awa, mil ɗaya na teku kuma mita 1,852 ne. Masu ƙetare Tekun Atlantika daga tsibiran Kanari zuwa yankin Karibiyan suna cin kusan mil 2,700, su yi kamar mako uku ba su ga tudu ba, suna karɓa-karɓar gadi dare da rana. Akasari sai ƙarshen Nuwamba suke tashi, domin lokacin manyan guguwa a wannan teku daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Mai zama a jirgi da hasashen yanayi yake karya kumallo, kuma shi ke gaya masa yau tafiya ce ko zama.

Ina suke samun ruwan sha da wutar lantarki?

Ruwa a tanki yake, lita ɗari biyu zuwa ɗari biyar a yawancin jirage, kuma da shi za a sha, a yi girki, a yi wanka. Mutum yakan koyi jiƙa jiki, ya kashe famfo, ya shafa sabulu, sannan ya sake buɗewa. Wasu suna wanke kwanuka da ruwan teku su ɗauraye da ɗan ruwan daɗi. Masu hali suna sa na'urar da ke matsa ruwan teku da ƙarfi ta cikin matata mai siririn ido har gishirin ya rabu, domin kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Na'urar tana da amfani ƙwarai, sai dai tana cin wuta, kuma idan aka bar ta kwanaki ba a kunna ba ba a kuma wanke ba, matatar lalacewa take yi.

Wuta daga batira take fitowa, galibi masu ƙarfin bolt 12, waɗanda farantan sola ko fankar iska ko injin jirgin ke cikawa. Firji shi ne babban mai cin wuta idan ana tsaye. Tsofaffin batira masu dalma ba a son a zuƙe su fiye da rabi, shi ya sa da yawa suka koma na litiyam. Ko da wanne ake amfani, mai jirgi yana duban ma'aunin batir kafin ya kwanta.

Girki da banɗaki fa?

Da gas ake girki, kuma nan ne wurin da wasa ba ya shiga. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya tsiyaya, sai ya gangara ya taru a can ƙasan cikin jirgin inda ba shi da mafita, ƙyastu ɗaya ya isa. Don haka ana ajiye tukunyar gas a akwati na daban mai rami da ke fitar da iska waje, kuma ana rufe ta daga tushe da zarar an sauke girki.

Banɗakin jirgi famfo ne ake bugawa da hannu ko da lantarki, bututunsa siriri ne, abu kaɗan ke toshe shi. Ƙazantar tana taruwa a tanki har a kai inda ake zuƙewa ko a yi nisa da gaɓa. A Amurka, alal misali, haramun ne a zubar da ita ba a tace ba a cikin mil 3 na teku daga gaɓa. Roba kuwa dokar ƙasa da ƙasa ta hana jefa ta a teku ko'ina tun 1988, saboda haka shara ana tara ta ne har a isa tudu.

Me ya sa ake cewa gyara ba ya ƙarewa?

Domin jirgin yana zaune ne a cikin abubuwa uku da ke cin kaya ba dare ba rana: gishiri, danshi da zafin rana. Gishiri yana kawo tsatsa har a ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa, yana kuma cin bakin wayoyi su yi kore. Danshi yana kawo funfuna a cikin kabad da bayan katifa, musamman a ƙasashen sanyi inda numfashin mutane ke zama raɓa a jikin bango. Rana kuma tana cinye zaren ɗinkin filafilai, shi ya sa ake lulluɓe su da zarar an sauke.

Babban aiki yana ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya gani. Gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo suna manne wa ƙasan jirgin ta waje, su rage masa gudu, su sa inji ya ƙara shan mai. Duk shekara ko shekara biyu ana ɗaga jirgin da ƙugiya a ɗora shi a tudu, a kankare, a shafa fenti mai ɗauke da jan ƙarfe da ke hana su kamawa. A da akwai wani fenti mai guba da ya fi wannan aiki, amma da aka ga yana kashe halittun ruwa sai aka haramta shi da yarjejeniyar da ta fara aiki a 2008. A wannan lokacin ne kuma ake sauya ɗan dunƙulen ƙarfen zink da ake ɗaurawa kusa da farfela, wato fankar da inji ke juyawa a cikin ruwa ta tura jirgin. Aikinsa shi ne ruwan gishiri ya cinye shi a maimakon farfelar, idan kuwa ya ƙare ba a lura ba, farfelar ce za ta fara rubewa.

Sai ramukan da ke jikin jirgin ƙasa da ruwa, waɗanda inji da banɗaki da kicin ke shaƙa ko zubarwa ta cikinsu. Kowanne yana da bawul, kuma mai hankali yakan juya su lokaci-lokaci kada su ƙage, ya rataye ɗan turken katako kusa da kowanne don toshewa idan bututu ya fashe. A ganina wanda bai san adadin waɗannan ramuka a jirginsa ba, bai kuma iya kai hannu gare su cikin duhu ba, bai kamata ya kwana a cikinsa ba.

Inji yana son baƙin mai da filta a kan kari, da sauya ɗan fiffiken roba da ke jawo ruwan sanyaya shi. Wayoyin ƙarfe da ke riƙe da sandar filafilai suna gajiya ta ciki ba tare da alama ba, kamfanonin inshora da yawa kan so a sauya su bayan kamar shekara 10.

To makaniki ake kira?

A tsakiyar teku ko a tsibirin da ba kowa, wa za ka kira? Mai zama a jirgi dole ya zama ɗan makaniki, ɗan mai haɗa wuta, ɗan tela, ɗan mai gyaran famfo. Ma'abota jirage kan ce ka ware kamar kashi 10 cikin ɗari na kuɗin jirgin duk shekara don gyara, kuma tsohon jirgi yakan wuce haka.

Yaya ake yi idan 'yan uwa suna son kawo ziyara?

Nan ne mutanen tudu da mutanen ruwa suka fi samun saɓani, ba don rashin ƙauna ba. Ɗan uwa ya ɗauki hutu, ya sayi tikitin jirgin sama wata uku kafin lokaci, yana so a tarbe shi a gari kaza ran kaza. Mai jirgi kuwa ba zai iya yin alkawarin iska ba. Masu wannan rayuwa suna da wata magana da suke gaya wa baƙi: ka zaɓi wuri ko ka zaɓi rana, amma ba duka biyu ba. Dalilinta mai nauyi ne. Ƙoƙarin cika alkawarin rana shi ke sa mai jirgi ya fita cikin yanayin da da shi kaɗai ne ba zai fita ba. Dabarar da ta fi ita ce jirgin ya isa wurin da kwanaki kafin baƙi, ko kuma baƙon ya sauka a babban gari ya ƙarasa da mota zuwa duk inda jirgin ya samu kansa.

Ana roƙon baƙo ya zo da jaka mai naɗuwa, domin akwati mai tauri ba shi da wurin ajiya. Sau da yawa ma rabin jakar kayan gyara ne da mai jirgi ya yi odarsu zuwa gidan baƙon, tun da samunsu a ƙananan tsibirai wuya ne.

Ranar farko kafin a yi nisa da hira sai an yi darasi: ga yadda ake buga banɗaki, kada a jefa komai a ciki, ga inda rigunan ceto suke, ga abin kashe gobara, ga rediyon da ake kiran agaji da shi a tasha ta 16. Wasu baƙi sukan ji kamar an raina su, musamman iyaye idan ɗansu ne ke gaya musu kada su bar famfo a buɗe. Gara a faɗa tun farko da fara'a da a bari sai tankin ruwa ya ƙare a kwana uku rai ya ɓaci. Kuma bangon ɗakunan katako ne siriri, tari ma ana ji, don haka mako ɗaya yakan fi wata ɗaya daɗin rabuwa.

Idan za a ƙetara wata ƙasa da baƙon a ciki, sai sunansa ya shiga takardar mutanen jirgi. Ana isa a ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa, alamar ana jiran jami'an kwastam da na shige da fice, kuma bizar kowa a wuyansa take.

Idan baƙo ya kamu da jiri da amai fa? Yara da tsofaffi za su iya?

Jirin teku yana zuwa ne idan abin da ke auna daidaito a cikin kunne ya ji motsi amma ido bai gani ba. Shiga ciki a kwanta da waya a hannu ƙara shi yake yi. A zauna a waje, a kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ko a ba mutum sitiyari ya riƙe. Maganinsa kafin a tashi ake sha. Yawancin mutane jikinsu yakan saba cikin kwana biyu ko uku.

Yara za su iya, sai dai ana ɗaura raga a kewayen jirgin, rigar ceto kuma ba ta fita jikinsu idan suna waje. Tsofaffi matsalarsu hawa da sauka ce, daga kwalekwale mai rawa zuwa tsani. Idan kaka za ta zo, a ɗaure jirgin a tasha inda za ta taka daga dakali kai tsaye, ko a kama mata ɗaki a gari ta riƙa wuni a jirgin.

Su kuma masu zama a jirgin, idan wani abu ya faru a gida, yaya suke zuwa?

Labari yanzu ba ya wuya, tun da intanet ta tauraron ɗan'adam irin ta Starlink ta shiga ƙananan jirage, ana kiran bidiyo daga tsakiyar teku. Jin labari daban, isa daban. Wanda rasuwa ko rashin lafiya ta riska yana tsakiyar Atlantika zai iya yin kwana goma kafin ya ga tudu, kuma ko ya isa ba zai bar jirgi a kan anka ya hau jirgin sama ba. Sai ya samo tasha mai tsaro ko a ɗaga jirgin a tudu, ya rufe bawulolin ƙasa, ya kwashe abin da ke firji, ya sauke filafilai, ya bar makulli wurin wanda zai riƙa leƙawa. Saboda haka da yawa suna ware kuɗin tikiti na gaggawa da ba a taɓawa, kuma waɗanda iyayensu suka manyanta sukan zaɓi yawo a gaɓar da ke kusa da babban filin jirgin sama, su ɗage ƙetare teku zuwa wata shekarar.