Girka da bama-baman da aka ɗauka sun ƙare tun 2002

A watan Afrilun 2025 wani ya buga wa wasu kafofin labarai waya a Atina, babban birnin Girka, ya ce akwai bam a kusa da ofishin kamfanin jirgin ƙasa, a kwashe mutane. 'Yan sanda suka killace titin, jakar goyo da aka ajiye ta tashi, ba wanda ya ji rauni. Waɗanda suka ɗauki alhaki sun danganta harin da haɗarin jirgin ƙasa da aka yi a yankin Tempi a 2023 da ya ci rayuka 57. Nan take muhawara ta dawo sabuwa: wasu na cewa a ƙara tsaurara doka, wasu na cewa talauci da fushin matasa ne. Kusan duk ɓangarorin biyu suna fara lissafi ne daga tarzomar 2008 da ta biyo bayan kisan wani yaro da ɗan sanda ya yi, ko rikicin bashin da ƙasar ta faɗa daga baya, alhali maganar ta girmi nan.

Tarihin farko sananne ne. Sojoji sun mulki Girka daga 1967 zuwa 1974, kuma a ranar 17 ga Nuwamban 1973 tankar yaƙi ta ɓalla ƙofar kwalejin fasaha ta Atina inda ɗalibai ke bore. Daga wannan rana ƙungiyar 17 Nuwamba ta samo sunanta. Ta fara da kashe Richard Welch, shugaban ofishin hukumar leƙen asirin Amurka (CIA) a Atina, a 1975, ta ƙare da Birgediya Stephen Saunders na Birtaniya a 2000. Mutum 23 ta kashe, shekara da shekaru ba a kama ko ɗaya daga cikinta ba.

Sai ga Yunin 2002, bam ya fashe a hannun wani ɗan ƙungiyar a tashar jiragen ruwa ta Piraeus. Cikin makonni aka tattara su. Dokar 2001 ta riga ta ba da damar gwajin ƙwayar halitta, da kare shaidu, da shari'a gaban alƙalai zalla. Aka zauna a kotu ta musamman cikin kurkukun Korydallos, a Disamban 2003 aka samu mutum 15 da laifi. Ga wasannin Olympics na 2004 na tafe, ƙasa ta yi ajiyar zuciya, duniya ta tafa.

Wurin da ake yawan tsallakewa shi ne Satumban 2003. Shari'a ba ta ma ƙare ba, bama-bamai biyu suka tashi a harabar kotunan Atina, ɗan sanda ya ji rauni. Wata sabuwar ƙungiya mai suna Gwagwarmayar Juyin Juya Hali ce ta fito. A Mayun 2004, saura kwana 100 a buɗe wasannin, ta kai hari ofishin 'yan sanda na unguwar Kallithea. A Janairun 2007 ta harba roka kan ofishin jakadancin Amurka. A lokacin babu rikicin bashi, babu tsuke bakin aljihu, tattalin arziƙi na bunƙasa. Duk mai cewa yunwa ce kaɗai ta haifi wannan tashin hankali, sai ya faɗa mana daga ina waɗannan suka ɓullo.

Abin da ya canza a shekarun nan shi ne irin mutanen da kuma tsarinsu. 17 Nuwamba ƙungiyar asiri ce ta 'yan gurguzu, mai shugabanni da ma'ajiyar makamai. Maciji ce mai kai, aka sare kan. Na bayanta yawancinsu sun taso ne cikin masu aƙidar ƙin kowace irin hukuma, musamman a unguwar Exarchia ta Atina. Rukuni ne ƙanana na abokai, kayan aikinsu sau da yawa ƙananan gwangwanayen iskar gas na girki ne da ake ɗaurewa wuri guda a ajiye bakin banki cikin dare. Ƙungiyar Makircin Rukunan Wuta, wadda daga baya ta aika bama-bamai cikin wasiƙu zuwa ofisoshin jakadanci a 2010, ta bayyana tun Janairun 2008, wata goma sha ɗaya kafin tarzomar da ake ɗora wa komai. A ganina nasarar 2002 ta bar wani zato mai tsada: cewa matsalar jerin sunaye ce, idan aka kama su shi ke nan.

Kisan Alexis Grigoropoulos ɗan shekara 15 da harsashin wani ɗan sanda a Exarchia ranar 6 ga Disamban 2008, da rashin aikin yi da ya haura rabin matasa a shekarun bashi, sun ƙara wa hanyar mabiya. Kuma masu cewa gini kawai ake hari, ba mutane ba, su tuna ma'aikatan banki uku, har da mai juna biyu, da suka mutu a gobarar da aka cinna ranar zanga-zangar Mayun 2010, da ɗan jarida Sokratis Giolias da aka bindige a ƙofar gidansa a Yulin shekarar.

Martanin hukuma kuwa ya yi ta kai da kawowa tare da sauyin gwamnati. Dokar 1982 da ta hana 'yan sanda shiga jami'a an soke ta a 2011, aka maido da ita a 2017, aka sake sokewa a 2019. Kurkuku masu tsauraran matakai da aka kafa a 2014 an rushe tsarinsu a 2015. Kame dai ana yi, hukunci ana yankewa, amma a Oktoban 2024 bam ya fashe cikin wani gida a unguwar Ambelokipi ya kashe mutum guda, a Mayun 2025 kuma wata mata ta mutu a birnin Tasalonika da bam ɗin da take ɗauke da shi.