Kayan ƙarin karatu ga mai koyon gyaran na'urorin sanyi da ɗumama

Kayan ƙarin karatu su ne duk abin da ɗalibin sana'ar sanyi yake nema bayan darasin aji don hannunsa ya faɗa: jadawalin gas, takardar kamfanin da ya ƙera na'ura, manhajar waya, bidiyo, da matattun na'urori da ake kwancewa. A Damagaram sana'ar ta fi karkata ga firij, firiza da na'urar sanyaya ɗaki. Ɗumama ɗaki ba shi da kasuwa sosai. Abin da ɗalibi zai haɗu da shi a wannan ɓangare bai wuce tukunyar dafa ruwan wanka da na'urar da ke juya aikinta ta ba da zafi a lokacin hunturu ba.

Jadawalin matsi da zafi

Wannan shi ne na farko, kuma ya kamata ya zauna a aljihu. Kowane gas yana tafasa a wani zafi gwargwadon matsin da yake ciki. R-22 da ke tafasa a digiri 5 yana nuna matsin kusan bar 4.8 a agogon awo, R-410A kuwa kusan bar 8.3 a daidai wannan zafi. Wanda bai riƙe wannan bambanci ba zai ga bar 8 ya ce gas ya yi yawa ya sake shi, ko ya ga bar 5 a na'urar R-410A ya ce lafiya lau alhali ta yi yoyo.

Daga jadawalin ne ake koyon auna rarar zafi. A karanta matsin ɓangaren tsotsa (inda gas ke komawa kwamfuresa), a duba zafin da ya dace da shi a jadawali, sannan a manna ma'aunin zafi a jikin babban bututu a cire zafin jadawali daga zafin bututu. Rarar digiri 5 zuwa 8 ita aka saba gani a na'ura mai lafiya. Idan ta hau sosai, gas ya ƙaranta ko siririn bututu ya toshe. Idan ta sauko kusan sifili, ruwan gas yana komawa kwamfuresa, kuma shi ke wanke mai ya lalata ta. Manhajar Ref Tools ta kamfanin Danfoss tana ɗauke da wannan jadawali kyauta. Sai a kula da ma'auni: littattafan makaranta na Faransanci suna amfani da bar, agogunan da ke shigowa ta Kano da yawa psi ne a fuskarsu, kuma bar ɗaya kusan psi 14.5 ne.

Allon jikin na'ura da takardar kamfani

Ɗan allon da ke manne a akwatin waje na na'urar sanyaya ɗaki darasi ne cikakke. Yana faɗin irin gas, nauyinsa da giram, amfiya nawa na'urar ke ja, da ƙarfinta. BTU 12,000 a awa kusan kilowat 3.5 ne na sanyi. Akwai kuma ajin yanayi: T1 ana gwada ta a digiri 35 na waje, T3 a digiri 46. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura 40, wannan alama ta fi sunan kamfani muhimmanci. Takardar kafawa ita ke ba da tsawon bututun da gas ɗin ciki ya isa, da giram nawa za a ƙara a kowace mita bayansa, da ma'anar lambobin matsala da ke fitowa a fuska. Kowane kamfani da nasa lambobin, saboda haka ɗaukar hoton shafin a ajiye ya fi haddacewa.

Matacciyar na'ura

Tsohon firij daga wurin ƴan gwangwan ya isa koyon abubuwa da dama ba tare da asarar kayan mutane ba. A kan kwamfuresa akwai ƙafafu uku, C, S da R. A auna su da mita: tsayayyar (turjiya ga wutar lantarki) C zuwa R da ta C zuwa S idan aka haɗa su dole su ba da ta R zuwa S, kuma kada ko ɗaya ta nuna haɗuwa da jikin ƙarfe. Kapasita ana sauke wutarta kafin a taɓa, sannan a gwada ta da lambar da ke jikinta. Guntayen bututun jan ƙarfe na kwatar inci da na 3/8 na inci su ne na koyon buɗe baki da walda; bakin da ya karkace ko ya tsage shi ne asalin yawancin yoyon da ke bayyana bayan kafa sabuwar na'ura.

Bidiyo da takardun ƙasa da ƙasa

Bidiyon YouTube yana nuna motsin hannu, amma a tace shi. Akasarinsa an ɗauke shi a wurare masu sanyi, inda matsin da suke kira daidai bai dace da rana tsaka a Damagaram ba, balle a ce ƙurar hunturu ta like zanzanar kwandensa, wato sashen da ke fitar da zafi waje. Duk bidiyon da ya koyar da korar iska da gas maimakon famfon zuƙa, a bar shi. Aikin ƙwarai shi ne gwajin yoyo da naitirojin, sannan zuƙe iska har matsin da ya rage a bututu ya sauko mikiron 500, domin danshin da ya rage yana daskarewa a siririn bututu ya kuma ɓata mai. Oksijin ba a gwaji da shi ko kaɗan, don yana fashewa idan ya haɗu da mai.

Shirin OzonAction na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da littattafan horo kyauta, har da na Faransanci. Suna bayanin yarjejeniyar Montreal ta 1987 da ke janye R-22 sannu a hankali, da gyaran Kigali na 2016 da ya shafi irin su R-410A da R-134a. Masu maye gurbinsu, R-32, R-290 da R-600a, duk suna kama wuta. Firij mai R-600a yakan ɗauki ƙasa da giram 100, ana zuba shi da sikeli, a wuri mai iska, kuma ba a kawo wutar walda sai an fitar da gas an wanke bututun da naitirojin.