Lanhon Gidan Haya a Damagaram: Yadda Ake Lissafinsa da Inda Kuɗin Ke Zuwa

Masu gidajen haya a Sabon Gari da Zango na ƙorafin cewa lanho, wato haraji, ya hau, ga kuma magudanan ruwa a toshe. Ƙorafin da hujja, amma sau da yawa ana kai shi ƙofar da ba ita ba.

Ba magajin gari ke yanka lanhon gida ba. Dokar haraji ta ƙasa ce ke tsara shi, ma'aikatar haraji, wato DGI, ke lissafi da karɓa, sannan a mayar wa gari wani kaso. Gidan da mutum ke zaune da iyalinsa ba ya ciki. Abin da ake dubawa shi ne kuɗin hayar shekara, ba kuɗin da ginin ya ci ba. A tsarin da aka daɗe ana bi, gidan kwana da aka ba haya yana biyan kashi 10 cikin 100. Gidan da ake haya jika 30 (sefa dubu 30) a wata ya tara jika 360 a shekara, lanhonsa jika 36 ke nan. Shago da ofis lissafinsu daban ne. Kada kuma a haɗa shi da patanti, harajin sana'a na 'yan kasuwa, ko da harajin mazauni da kasafin 2018 ya ɗora a kan takardar wutar NIGELEC.

To me ke sa kuɗin ya hau alhali kashi 10 ɗin bai motsa ba? Galibi ƙiyasi ne. Idan babu yarjejeniyar haya a rubuce, ma'aikaci zai kwatanta gidan da irinsa a unguwa ya sa masa ƙima, wadda tana iya fin abin da ake karɓa. Wani kuma ɗan haya ya tashi, gida ya yi watanni a rufe, mai gidan bai sanar ba. Mafi ciwo shi ne gidan gado: sunan marigayi na nan a rajista, magada kowa na jiran ɗan'uwansa, tara tana hawa kan bashi.

Wanda bai yarda da lissafi ba ya rubuta koke zuwa ofishin haraji, ya haɗa da yarjejeniyar haya da rasit ɗin baya, ya karɓi shaidar ajiyewa. Koken baki ba ya barin sawu. Kuma shigar da koke kaɗai ba ya tsayar da biya, sai an nemi jinkiri a rubuce.

Batun kashe kuɗi kuwa, dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta raba kasafin gari gida biyu: na tafiyar da ma'aikata, kamar albashi da man mota, da na ayyukan raya gari. Mai ba da umarnin kashewa daban, ma'ajin da ke fitar da kuɗi daban, don kada hannu ɗaya ya sa ya kuma cire. Da can kansiloli ke zaunawa kan kasafin, a birni da gundumominsa 5. Tun da aka rusa majalisun a watan Afrilu 2024, kantomomi ke riƙe da ragamar, babu kansilan unguwa da za a tare a bakin masallaci. Saboda haka nauyin tambaya ya dawo kan masu unguwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa: nawa aka mayar wa gari daga lanhon gidaje bara, nawa ne a ciki ya shiga yashe magudanan ruwa kafin damina?