Waiwaye: yaushe jiki ke fara rage ƙona abinci?

Da wuya a zauna cikin masu shekara arba'in zuwa hamsin ba a ji wani ya dafa tumbinsa ya ce, "Ai jikin ne ya daina ƙona abinci, yanzu ko ruwa na sha sai ya zama kitse." Maganar ta zauna a bakin mutane har ba mai neman hujjarta. Kuma ba daga sama ta faɗo ba, domin littattafan likitanci sun shafe kusan shekara ɗari suna koyar da abin da ya yi kama da ita. Sai a 2021 aka samu awon da ya nuna cewa an daɗe ana ɗora laifin a kan shekarun da ba su ji ba, ba su gani ba.

Tarihin auna abin da jiki ke ƙonawa ya faro ne daga Faransa. A farkon shekarun 1780, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace suka sa ɓeran Masar cikin wani mazubi da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna ruwan da ɗumin jikinsa ya narkar, suka kwatanta da iskar da yake fitarwa. Abin da suka gano shi ne numfashi ƙonewa ce a hankali, irin ta gawayi. Bayan shekara ɗari da ɗoriya, Wilbur Atwater na Jami'ar Wesleyan a Amurka ya gina ɗakin da mutum zai kwana ya tashi a ciki ana auna zafin da yake fitarwa. Daga aikinsa ne aka samu lissafin da har gobe ake bugawa a jikin kwalin abinci: giram ɗaya na furotin ko sitaci kalori 4, na mai kalori 9, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki.

A hankali aka fahimci inda kalorin ke tafiya. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari jiki na cinye shi ne ko da mutum yana kwance bai ɗaga yatsa ba: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 10 na tafiya wajen narkar da abincin kansa. Sauran na motsi ne, kuma nan ne mutane suka fi bambanta.

Shekaru sun shigo lissafin da ƙarfi a 1919, lokacin da Arthur Harris da Francis Benedict suka fitar da ƙa'idarsu. Sun auna manya 239, maza 136 da mata 103, suka tsara yadda za a ƙiyasta buƙatar jiki a kwance daga nauyi da tsawo da shekaru. A ƙa'idar, kowace shekara da ta ƙaru ana cire wa namiji kusan kalori 7 a rana, mace kusan 5. Ke nan tsakanin shekara 20 da 70, namijin da nauyinsa bai canza ba zai yi asarar kusan kalori 340 a rana, kuma a miƙe, ba hawa ba tsayawa. Matsalar ita ce yawancin waɗanda aka auna matasa ne, tsofaffin cikinsu 'yan kaɗan. An ja layi ne ta inda ake da mutane, aka zarce da shi zuwa inda babu su. Ƙa'idar Mifflin da St Jeor ta 1990 ta gyara wasu abubuwa, amma ita ma kalori 5 take cirewa duk shekara. Waɗannan biyun ne har yanzu ke ɓoye cikin yawancin manhajojin waya da ke gaya wa mutum abin da zai ci. A ganina, miƙaƙƙen layin nan ya daɗe ne saboda yana da sauƙin lissafi, ba don jiki haka yake tafiya ba.

Akwai kuma wani rami. Idan aka auna ɗan shekara 25 da ɗan shekara 75 a rana ɗaya, ba tsufa kaɗai ya raba su ba. Zamani ma ya raba su, da abin da suka ci suna yara da irin aikin da suka yi. Don kauce wa wannan ne Nathan Shock da abokan aikinsa suka fara bibiyar mutane iri ɗaya shekara da shekaru a Baltimore daga 1958. Ancel Keys shi ma ya sake auna mutanen da ya taɓa aunawa, ya ba da rahoto a 1973 cewa raguwar ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a kowace shekara goma ba, ƙasa da abin da ake zato. A 1977 Tzankoff da Norris suka nuna daga bayanan Baltimore cewa raguwar tana bin raguwar tsoka ne sau da ƙafa. Wato ba wutar ce ta yi sanyi ba, murhun ne ya ƙanƙance. Irwin Rosenberg ya raɗa wa wannan zaizayewar tsoka suna sarkofeniya a ƙarshen shekarun 1980, kuma a 2016 ta samu lambarta a kundin cututtuka da ake aiki da shi a Amurka. Ana ƙiyasta cewa tsoka na raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma bayan an haura talatin, ta ƙara sauri bayan sittin.

Sai dai kada a zuzuta tsoka fiye da kima, kamar yadda masu tallan motsa jiki ke yi. Kilo ɗaya na tsoka a kwance kalori 13 kacal yake ci a rana. Kilo ɗaya na hanta yana cin kusan 200, na ƙwaƙwalwa 240, na zuciya da ƙoda 440. Wanda ya rasa kilo biyar na tsoka bai rasa fiye da kalori 65 ta wannan hanyar ba. Babbar asarar tana zuwa ne ta bayan gida: ƙafar da ta yi rauni ba ta son tafiya, mai ita sai ya yawaita zama, kason motsi ya rushe.

Duk waɗannan awon cikin ɗakin gwaji aka yi su, yawancinsu mutum na kwance. Auna abin da mutum ke ƙonawa yana harkokinsa na yau da kullum ya jira wata dabara da Nathan Lifson ya ƙirƙiro a Jami'ar Minnesota a shekarun 1950, ya gwada ta a kan ɓeraye. Tsada ta hana a yi wa mutane sai a 1982, a hannun Dale Schoeller. Ana ba mutum ruwa ya sha, wanda aka sa wa haidirojin da oksijin masu ɗan nauyi fiye da na kullum, marasa cutarwa. Ya tafi abinsa, ana karɓar fitsarinsa lokaci zuwa lokaci na mako ɗaya ko biyu. Haidirojin ta ruwa kawai yake fita, oksijin kuwa yana fita ta ruwa da kuma ta iskar da ake fesarwa a numfashi. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke faɗin abin da jiki ya ƙona, ba tare da an tambayi mutum me ya ci ba, tambayar da kusan kowa ke rage mata amsa.

Bayanan irin wannan awon da aka tara a rumbun hukumar makamashin nukiliya ta duniya su ne Herman Pontzer na Jami'ar Duke da ɗimbin abokan aikinsa suka tace, suka wallafa a mujallar Science a watan Agustan 2021. Mutum 6,421 ne daga ƙasashe 29, daga jaririn kwana 8 zuwa mai shekara 95. Da aka daidaita girman jiki da yawan kitse, sai layin ya fito a karye gida huɗu. Ɗan shekara ɗaya yana ƙona kusan kashi 50 cikin ɗari fiye da babba. Daga nan abin ya riƙa sauka har zuwa wajen shekara 20. Tsakanin 20 da 60 kuwa ya tsaya cak. Sai bayan sittin ya fara gangara, da kusan kashi 0.7 cikin ɗari a shekara, har masu shekara casa'in da wani abu suka kasance ƙasa da masu matsakaicin shekaru da kashi 26. Wannan gangarar ta ƙarshe ba ta ɓace ba ko da aka cire lissafin tsoka, abin da ya sa masu binciken suka karkata ga cewa aikin ƙwayoyin jiki ne kansa ke lafawa. Tumbin shekara arba'in, ke nan, sai a nemi dalilinsa a cin da ya ƙaru da zaman da ya yawaita.

Abin da ya fi damun likitocin tsofaffi ma ba ƙiba ba ne. Tun 1988 John Morley ya ja hankali ga yadda sha'awar abinci ke mutuwa da tsufa: ɗanɗano da ƙamshi sun dusashe, ciki yana jinkirin sauke abin da ke cikinsa, haƙora sun zube, magunguna sun yi yawa, ga cin abinci a kaɗaice. A 1994 Susan Roberts ta Jami'ar Tufts ta rage wa matasa da dattawa abinci na 'yan makonni, sannan ta sake su su ci yadda suke so. Matasan suka rama abin da suka rasa, dattawan ba su rama ba. Ramar da rashin lafiya ɗaya ta jawo wa tsoho tana iya zama tare da shi. Wani gwaji na 2007 ya kwantar da dattawa masu lafiya kwana goma a gado, suka tashi sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu.

Jagorar cin abinci ta Amurka ta 2020 ta ƙiyasta kalori 1,600 zuwa 2,200 a rana ga mata masu shekara sittin zuwa sama, 2,000 zuwa 2,600 ga maza, gwargwadon motsin kowa. Kalorin ya ragu, amma sauran buƙatun ba su bi shi ba, wasu ma hawa suka yi. Bitamin D da kalsiyam ana ƙara yawansu ga tsofaffi, B12 kuma cikin tsoho ba ya iya zaro shi daga abinci kamar da. Furotin da aka daɗe ana cewa giram 0.8 ga kowane kilo na nauyin jiki ya wadatar, wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya ba da shawara a 2013 a kai shi giram 1.0 zuwa 1.2 ga wanda ya haura 65, in ban da mai ciwon ƙoda mai tsanani, wanda likitansa ne zai tsara masa.

Zaizayewar tsokar ma an gwada ko tana juyuwa. A 1990 Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma na wani gidan kula da tsofaffi a Boston, masu shekara 86 zuwa 96, ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako takwas. Tara suka kai ƙarshe. Ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici, kaurin tsokar cinya ya ƙaru da kusan kashi 9, kuma biyu daga cikinsu suka ajiye sandar dogarawa.